Kaza Mai Kallon Baya

Innarmu ba ta yin kuskure. Ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa, kuma mun taso mun tarar da maganar a gidan kamar yadda muka tarar da ƙofa da taga. In gishiri ya yi yawa a miya, gishirin bana ne ya fi na bara ƙarfi. In ta kira ni da sunan yayata, to ni ce na shigo da irin tafiyarta. Kuskure ɗaya tak ta yarda ta taɓa yi a duniya, shi ma don Baba bai bar ta ta manta ba har ya koma ga Allah.

Ga yadda abin ya faru, yadda muka sha ji har muka haddace. Lokacin yaƙi, Inna tana budurwa, ta yi aiki a wani ɗakin ɗinki kusa da bariki, inda 'yan mata ke yi wa sojoji bajo, wato ɗan ƙyallen nan mai hoto da ake ɗinkawa a kafaɗar kaki don a san rundunar mutum. Biyu-biyu ake yin sa, na dama da na hagu, kuma ba iri ɗaya ba ne. Dole abin da ke jiki ya kalli gaba a kowace kafaɗa, can inda sojan ya dosa. Kowace yarinya ta gama nata sai ta haɗa biyun ta ɗaure da zarenta, don in an sami matsala a san wadda za a kama. Zaren Inna ja ne.

Baba direban soja ne, shi ke kawo musu yadi. Wata rana ya shigo da rigarsa a naɗe a hannu, ya shimfiɗa hannun dama a kan tebur gaban shugabar ɗakin da 'yan mata duka, ya ce wace ce mai jan zare? Ta ba shi na hagu biyu. Ga kazarsa ta dama nan ta juya baya, shi yana tafiya yaƙi ita tana gudu gida. Ɗaki ya kwashe da dariya, shugaba ta wanke Inna tas, Inna ta yi kuka, ta ɗauko na dama ta miƙa masa ko kallon fuskarsa ba ta yi ba. Washegari ya dawo ya ce saje ya sa shi tsallen kwaɗo a rana saboda ita, ƙafafunsa ba sa taku. Tausayi ya kama ta. Daga nan ne mu duka muka samo asali.

Har ya tsufa, Juya-kaza yake kiranta. In suka yi musu ta kusa cin nasara, sai ya dafa gwiwa ya ce, “Wash! Har yau tsallen nan yana jikina.” Nan take bakinta zai mutu. Mu yara mun ɗauka wasa ne, kuma wasan ne, amma ni da na fi kowa daɗewa a gabanta na san abin yana ci mata rai. Matar da ta yi rayuwarta da allura, wadda take farke ɗinkin wuni guda saboda zare ɗaya ya karkace, ba ta ɗaukar irin wannan da sauƙi. Rigar kuwa Baba ya ce ta ɓata a ƙarshen yaƙi.

Sai ga sanarwa a rediyo wata safiya. Za a rufe zauren tsoffin sojoji, kayan da ke ciki za a kai babban gidan tarihi, iyalan da ke da abin dubawa su zo kafin a kwashe. Muna karyawa, Yaya ya zo gaishe ta. Yaya babban wanmu ne, mutumin kirki, amma cikinsa ba ya riƙe magana.

“Af,” in ji shi, “ashe rigar Baba za ta shiga gilashi.”

Inna ta ajiye kofinta. “Wace riga?”

Yaya ya dube ni, ni kuma na dubi rufin ɗaki, don ba ni na aike shi ba.

“Ai... ni na kai Baba da ita a mota, shekarar da aka buɗe zauren. Ya ce kada in gaya miki.”

“Da kazar a jiki?”

“Ban duba ba, Inna.”

“Wato za a rataye ta a gilashi, duniya ta zo tana nunawa da yatsa, ana cewa dubi aikin wata sakarai.” Ta miƙe. “Auta, ɗauko mini jakata. Ki sa reza da allura da zare ruwan ƙasa.”

Na ce mata ba a shiga irin wuraren nan da reza. Na ce mata idonta ko zare ba ya iya zurawa yanzu. Na ce babu wanda ya san ita ta yi. Ta ce ita ta sani, kuma ba za ta kwanta a kabari da ɗinki a karkace a bayanta ba. Ina da baki, a wurinta na gada, amma nawa kwafi ne. Muka shiga mota, har da Yaya.

Zauren dogon ɗaki ne mai warin kafur, an jingine kujeru a bango, kwalaye sun cika tsakiya. A ƙarshensa wani siririn dattijo yana zaune da farar safar hannu, ya baje ƙyallaye a kan tebur kamar mai tallan alewa. Shi ne mai ajiyar wurin. Ya ce mana shi ma mahaifinsa soja ne, kuma tun da ya bar koyarwa ba shi da aiki sai wannan. Ya ba Inna kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya ji ta yi aiki a ɗakin bajo, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Inna, da hannunki? Ke da kanki?”

“Da ƙafa ake yi?”

Ya yi dariya har da tafi. Daga nan ba mu ƙara samun damar magana ba. Ya ɗauko wani mai hoton mabuɗi ya ce na masu tsaron sito ne, wani mai walƙiya na masu aika saƙo, wani mai guga na masu haƙa rijiya. Ya ce shi ba ya fara duba fuskar bajo, bayansa yake dubawa, don a nan ake gane na inji da na hannu, a nan ake gane na gaske da wanda aka yi jiya aka jiƙa a ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Ya sa wani a tafin Inna. Ta juya shi, ta bi bayan da babban yatsa.

“Wannan bargo aka yanka,” ta ce. “Da yadi ya ƙare mana, barguna aka riƙa kawowa.”

“Na yi zargin haka!” Ya kusa tashi sama. “Wallahi na yi zargin haka, ban sami mai tabbatar mini ba.”

Na ga in na ƙyale su za mu kwana, sai na ce, “Malam, rigar babanmu muke nema. Sunan da ke wuyanta ba lalle ya rage ba, amma mun san bajon. Kaza ce.”

Mai ajiya ya ɗago kai. “Kaza?”

“Kaza,” in ji Inna.

“Inna, ki gafarce ni, babu rundunar da ta taɓa saka kaza.”

“To ni me na yi ta ɗinkawa har yatsana ya yi kanta?”

“Ko zakara ne? Shi ma dai ban...”

“Na san zakara, yaro. Kaza ce, ruwan ɗorawa, a kan shuɗi. Ta ɗan buɗe fiffike, ta riƙe ƙwanta da ƙafa.”

Mai ajiya ya maimaita a hankali: ruwan ɗorawa, shuɗi, ƙwai a ƙafa. Sai na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya je wani kwali ya yi ta tono, ya dawo da abu a tafin hannu, yana ƙoƙarin haɗiye dariya saboda ladabi.

“Wannan?”

Inna ta kai shi dab da ido. “Ita ce.”

“Inna, shaho ne. Rundunar direbobi. Abin da ya riƙe kuma tayar mota ce.”

Yaya ya fashe da dariya har ya zauna a kan kwali. Ni ma na leƙa. Tsakani da Allah, duk wanda ya zana tsuntsun nan bai taɓa ganin shaho ba, ko kuma ya gan shi bayan ya ci ya ƙoshi.

“Shaho da wannan tumbin?” in ji Inna. “Mu dai zanen da aka ba mu muka bi. Duk ɗakinmu kaza muke cewa, har sojojin suka koya. Ka kira shi abin da ka ga dama, ka kawo mini rigar.”

Ya ce rigunan rundunar da ke wurinsa ba su da yawa. Ya tambayi tsayin Baba, Yaya ya nuna da hannu. Sai Inna ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa, abin da ban saba ji ba.

“Ba za ta yi wuyar ganewa ba. Ta dama baya take kallo.”

Mai ajiya ya tsaya cak. “Baya?” Ya dafe kai. “Ikon Allah. Akwai wata riga da ta daɗe tana damuna. Na ware ta ma, na ce ko ta 'yan wasan kwaikwayo ce. Amma yadin na gaske ne, maɓallan na gaske ne. Ku jira ni.”

Ya shige ɗakin baya. Inna ta buɗe jaka ta fito da reza ta ɓoye a cikin hannu. Na gani, na yi kamar ban gani ba. A lokacin tausayinta ya kama ni sosai. Ga tsohuwa ta zauna a miƙe kamar yarinyar da ake shirin yi wa faɗa, a kan abin da duk waɗanda suka yi mata dariyarsa sun riga ta tafiya.

Ya dawo da rigar a kan hannuwa biyu, ya kwantar da ita a tebur. Ta koɗe, ta yi ƙanƙanta fiye da Baban da na sani. Inna ba ta taɓa ta nan da nan ba. Can ta miƙa hannu ta lalubo kafaɗar dama, ta bi tsuntsun da yatsa daga wutsiya zuwa baki. Bakin yana kallon bayan riga.

“Ga ta nan,” ta ce. “Aikina ne, ga ƙullina. Kai, na ji kunya.” Sai reza ta bayyana.

“Inna! Inna, don Allah!” Mai ajiya ya shimfiɗa hannuwansa a kan rigar kamar mai kare jariri. “Ba a taɓawa! In kika farke, tarihin ya tafi.”

“Tarihin abin kunyata? Matsa.”

“Ki saurare ni. In ma gyaran ne, ai ba ɗaya za ki gyara ba, biyu ne.”

“Biyu kamar yaya?”

“Duka biyun baya suke kallo. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan.”

Na zagaya na ɗaga hannun hagu. Haka ne. Ita ma ta hagun ta juya wa gaba baya, ta riƙe tayarta, tana kallon inda aka fito.

Inna ta ce in kawo mata. Ta shafa ta hagu, ta koma ta dama, ta sake komawa ta hagu. Ina ganin lissafin yana tafiya a fuskarta.

“Tsaya,” ta ce. “In na hagu biyu na ba shi, ai ta hagu daidai za ta zauna.”

“Haka ne,” in ji mai ajiya.

“Wannan da ke hagu, ta dama ce.”

“Ta dama ce.”

“Wannan da ke dama, ta hagu ce.”

“Ita ce, Inna. Cikakken biyu ne, babu abin da ya same su. Wuri kawai aka musanya musu.”

Ta ajiye rezar. Ta bi gefen bajon da farce, inda aka ɗinke shi da riga, ta tsaya.

“Auta, wane irin zare ne nan?”

Na duba. “Baƙi ne, Inna. Mai kauri.”

“Ɗinkin fa?”

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Manyan taku ne, wani dogo wani gajere, wani ya tafi yawo ya dawo. Duk wanda ya taɓa ganin Baba ya ɗinke bakin buhu ko ya mayar da maɓallin wandonsa ya san hannun nan. Yaya ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “La ilaha illallahu. Baba ne.”

Mai ajiya ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma, ya sunkuya har hancinsa na taɓa yadi. Ya ce ga wasu ƙananan ramukan allura nan a jere a ƙarƙashi, masu kyau, irin na telan bariki, har da guntun zare ruwan ƙasa a ɗaya. Wato da farko an ɗinka su daidai. Wani ne ya zauna ya farke, ya musanya, ya mayar da hannunsa.

“Hannu ɗaya ya nuna miki ran nan?” na tambaye ta.

“A naɗe ya kawo ta,” ta ce a hankali. “Ɗayan yana ƙarƙashin hammatarsa. Ni kuma ina ta kuka, ina na ga ta dubawa.”

“Akwai saura,” in ji mai ajiya. Ya buɗe aljihun ƙirji da yatsu biyu, ya zaro wani bajo. Wannan bai ga rana ba, shuɗinsa na nan, ruwan ɗorawarsa na nan, allura ba ta taɓa ratsa gefensa ba. “A nan na same shi, a nan na bar shi. Na dama ne. Ban taɓa gane me ya sa mutum zai yi yawo da na uku ba.”

Wanda Inna ta miƙa wa Baba ne tana kuka. Ta karɓa, ta riƙe a tafin hannu, ta ƙura masa ido har na fara tsorata. Na dafa kafaɗarta. Sai na ji kafaɗar tana girgiza.

“Maƙaryaci,” ta ce. “Kai, maƙaryaci! Mutumin nan! Mutumin nan!”

Dariya take yi. Irin dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta 'yan mata, mai fita da ƙara, har tana buga tebur, mai ajiya yana janye ƙyallayensa kada su zube. Hawaye na bin kumatunta, tana sharewa da bayan hannu, dariyar na sake taso mata.

“Shekara da shekaru! Ya sa aka wanke ni gaban mutane! Juya-kaza! Ashe shi ne Juya-kazar!”

“To tsallen kwaɗon fa?” in ji Yaya, yana riƙe da ciki.

“Wannan kam ya yi shi,” in ji mai ajiya. “Babu sajen da zai ga haka ya ƙyale.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna. “Allah ya saka wa sajen nan da alheri. Da ma ya ƙara masa.”

Yaya ya ce yanzu ya gane. Ranar da ya kawo Baba, tun daga gida har zaure tsohon yana rungume da ƙunshin yana murmushi shi kaɗai, da aka tambaye shi sai ya ce babu komai, wani tsohon wayo ya tuna.

Na ce, “Inna, da kin san shi ya shirya, da ba ki saurare shi ba ke nan?”

“Wa ya gaya miki? Ai tun yana sauke yadi nake kallonsa ta taga. Da na saurare shi mana.” Ta ja hanci. “Amma da na ja masa aji, da ya san ya nemi mace.”

Daɗi ya cika ni har ban san inda zan sa kaina ba. Na yi kewar Baba a lokacin fiye da ranar da aka fita da shi, amma kewa ce mai daɗi, kamar yanzu ya fita daga ɗakin bayan ya tsokane mu. Na hango shi saurayi, ya ɓuya a bayan mota da allura da baƙin zare, yana soke yatsa, duk don ya sami abin da zai ce wa yarinyar da ke bakin taga.

Mai ajiya ya roƙi Inna ta bar rigar ta tafi gidan tarihi, ya ce yanzu ta fi duk abin da ke zauren daraja a wurinsa. Ta yarda, amma na ukun nata ne, ta ce aro ta ba Baba kuma ya daɗe bai mayar ba. Mai ajiya ya ce ba shi da bakin musu. Sai ya ɗauko alƙalami.

“Inna, dole in sa bayani a ƙarƙashinta. Duk sojan da ya gani zai ce tsuntsayen gudu suke yi. Me zan ce musu?”

Inna ta jawo rigar kusa. Ta gyara mata wuya, ta daidaita kafaɗun biyu da tafin hannu, yadda take yi wa Baba in zai fita. Dariyar ta lafa, amma ba ta bar fuskarta ba.

“Ka ce ba gudu suke yi ba,” ta ce. “Shi ya tafi yaƙi, su ya bar su suna kallona.”